Greysia Polii: An Kore Ta A Landan, Ta Ci Zinariya A Tokyo

A cikin matan da suka yi suna wajen wasan badminton, da wuya a sami wadda ta ɗanɗana kunya da ɗaukaka kamar Greysia Polii, 'yar ƙasar Indunisiya. A shekarar 2012 an kore ta daga wasannin Olamfik na Landan saboda laifin neman faɗuwa da gangan. Bayan shekara tara, tana gab da cika shekara 34 da haihuwa, ta ciyo wa ƙasarta lambar zinariya a Tokyo. A tsakanin waɗannan shekaru sau biyu tana niyyar ajiye wasan baki ɗaya.

Ga masu karatu da ba su saba da badminton ba, ana yinsa ne a fili mai tsawon mita 13.4, da raga a tsakiya, a riƙa buga wata 'yar ƙwallo mai gashin tsuntsu 16 da raket, watau abin bugu mai saƙar tsirkiya. A zamanin da Greysia ta yi tashe, wanda ya riga kai maki 21 shi ya ci zubi ɗaya, wanda ya ci zubi biyu cikin uku shi ke da wasa. Ita gwanar wasan bibbiyu ce, inda mata biyu ke karawa da mata biyu. In suna kai hari sai ɗaya ta tsaya bakin raga ɗaya tana baya, in kuwa ana kawo musu hari sai su jeru kafaɗa da kafaɗa, kuma wannan sauyin wuri yakan faru cikin ƙiftawar ido ba tare da an yi magana ba. Saboda haka kome gwanintar mace, in ba ta dace da abokiya ba, aikin banza take yi.

An haifi Greysia a Jakarta ran 11 ga watan Agusta, 1987. Mahaifinta ya rasu tana 'yar shekara biyu, ta yi ƙuruciyarta a garin Manado da ke tsibirin Sulawesi, sa'an nan aka komo da ita Jakarta ta shiga ƙungiyar wasa ta Jaya Raya. Badminton a Indunisiya ba abin wasa ba ne, domin a cikinsa ne ƙasar ta fara samun zinariyar Olamfik, lokacin da Susi Susanti da Alan Budikusuma suka ci a Basalona cikin 1992. Greysia tana cikin matan Indunisiya da suka kai wasan ƙarshe na Kofin Uber a Jakarta a 2008, inda ƙasar Sin ta doke su.

Abin Da Ya Faru A Landan

A wasannin 2012 ne aka fara kasa 'yan badminton rukuni-rukuni, biyun da suka fi maki a kowane rukuni su wuce gaba. Tun kafin a gama wasannin rukuni kowa yana iya lissafa wanda zai gamu da shi in ya zo na ɗaya, da wanda zai gamu da shi in ya zo na biyu. Nan ne gizo ya yi saƙarsa.

Wasu 'yan ƙasar Denmak, Christinna Pedersen da Kamilla Rytter Juhl, suka yi ba-zata suka doke Tian Qing da Zhao Yunlei na ƙasar Sin. Wannan ya sa sauran 'yan Sin biyu, Wang Xiaoli da Yu Yang, waɗanda su ne na ɗaya a duniya a lokacin, suka ga cewa in suka ci rukuninsu za su haɗu da 'yan'uwansu tun kafin wasan ƙarshe. Ran Talata 31 ga watan Yuli suka shiga zauren Wembley da niyyar faɗuwa, abokan karawarsu 'yan Koriya ta Kudu su ma suka ƙi yarda su ci. Aka riƙa jefa ƙwallo cikin raga, ana buga ta waje, mutanen da suka biya kuɗinsu suka shiga kallo suna ta ihu. Daga ƙarshe 'yan Sin suka sami faɗuwar da suke nema.

A daren nan Greysia da abokiyarta Meiliana Jauhari suka fito karawa da Ha Jung-eun da Kim Min-jung, su ma 'yan Koriya ta Kudu. Duk wanda ya ci, Wang da Yu zai tarar a zagaye na gaba. Sai aka maimaita abin da aka yi ɗazu, har babban alƙalin wasa ya ɗaga baƙin kati na kora, daga baya ya janye aka ƙarasa. Kashegari Hukumar Badminton ta Duniya ta kori matan takwas duka. Indunisiya ta ɗaukaka ƙara, sa'an nan ta janye. A shekarar nan ƙasar ta koma gida ba lambar badminton ko guda, abin da bai taɓa faruwa ba tun 1992.

Babu mai cewa matan nan ba su yi laifi ba. Amma fa wanda ya tsara gasa ta yadda faɗuwa ta fi ci riba, shi ma yana da nasa kason. Hukumar da kanta ta gane haka, domin a wasannin 2016 ta canja tsari, aka koma jefa ƙuri'a bayan an gama wasannin rukuni. Sai dai hukuncin a kan 'yan wasa ya sauka, kuma sunayensu ne duniya ta riƙe. Greysia ta yi tunanin barin wasan a lokacin, tana da shekara 25, amma ta daure.

Ta koma wasa da tsohuwar abokiyarta Nitya Krishinda Maheswari, kuma haɗin ya yi kyau. A wasannin ƙasashen Asiya na 2014 a Incheon suka doke Misaki Matsutomo da Ayaka Takahashi na Japan suka ɗauki zinariya, wadda rabon matan Indunisiya da ita a wasan bibbiyu tun 1978. A 2015 suka sami tagulla a gasar duniya. Don mai karatu ya san wahalar wannan sana'a, a gasar Asiya ta 2016 a garin Wuhan sun shafe minti 161 suna fafatawa da Naoko Fukuman da Kurumi Yonao na Japan, watau awa biyu da minti 41, kuma bayan duk wannan gumi su aka cinye. A Olamfik na Riyo a wannan shekara aka fitar da su a zagayen 'yan takwas. Cikin waɗanda suka fitar da su har da Yu Yang, wadda aka kore su tare a Landan.

Ƙanwa Ta Zo

A ƙarshen 2016 aka yi wa Nitya aiki a gwiwa, Greysia ta wayi gari ba abokiyar wasa, ga shekaru sun doshi 30. Nan ta sake yanke shawarar ajiye raket. Mai koyar da su, Eng Hian, ya roƙe ta ta dakata ko don ta taimaka wa yara masu tasowa. Cikin 2017 ya haɗa ta da Apriyani Rahayu, 'yar wani ƙauye a yankin Konawe, wadda Greysia ta girme ta da fiye da shekara goma, wadda kuma da raket ɗin katako da mahaifinta ya sassaƙa mata ta fara koyon wasa.

Yarinyar tana da ƙarfin bugu, babbar tana da sanin inda ƙwallo za ta faɗa. A shekararsu ta farko suka ci gasar Tailan da ta Faransa, suka kuma sami tagulla a gasar duniya a 2018 da 2019. Annobar korona ta sa aka ɗaga wasannin Tokyo daga 2020 zuwa 2021, ga mai shekarun Greysia kuwa jiran shekara guda ba ƙaramin abu ba ne. A watan Disamba na 2020 aka ɗaura mata aure, ana cikin murnar biki sai yayanta namiji, wanda ya zame mata uba tun tana ƙarama, ya rasu. Bayan makonni kaɗan ta fita gasa a Bankok, ita da Apriyani suka ci.

Da aka je Tokyo ba a sa su cikin huɗun da ake kyautata wa zato ba. Suka ci wasanninsu uku na rukuni, har da wanda suka yi da Yuki Fukushima da Sayaka Hirota, masu masauki kuma na ɗaya a duniya. Suka fitar da Du Yue da Li Yinhui na Sin da ƙyar a zubi uku, suka kawar da Lee So-hee da Shin Seung-chan na Koriya ta Kudu. Ran Litinin 2 ga watan Agusta, 2021, a zauren da ba 'yan kallo saboda annoba, suka gamu da Chen Qingchen da Jia Yifan na Sin. Ana tsakiyar musayar bugu tsirkiyar raket ɗin Greysia ta tsinke, ta sheƙa bakin fili ta ɗauko wani, Apriyani ta tsare filin ita kaɗai har ta dawo, kuma su suka ci makin. Aka tashi 21 da 19, sa'an nan 21 da 15.

Wannan ita ce zinariya ɗaya tak da Indunisiya ta samo a Tokyo, kuma ta farko da matanta suka ci a wasan bibbiyu. Da ita ƙasar ta cika zinariya a dukkan sassa biyar na badminton, abin da Sin kaɗai ta riga ta yi. Greysia kuma ta zama macen da ta fi kowa yawan shekaru cikin waɗanda suka ci zinariyar badminton a Olamfik har zuwa wannan rana.

A farkon 2022 aka zaɓe ta shugabar kwamitin 'yan wasa na Hukumar Badminton ta Duniya, hukumar da ta kore ta shekara goma baya. Ran Lahadi 12 ga watan Yuni, 2022, ta yi ban kwana da wasa a zauren Istora Senayan na Jakarta, Apriyani kuwa ta ci gaba da sabuwar abokiya, Siti Fadia Silva Ramadhanti.