Amsoshin Tambayoyinku: Kwamfuta Biyu, Rumbu Ɗaya

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu daga Dambatta ya rubuto cewa shi da ƙanensa suna ɗaukar bidiyon biki da saukar karatu da maulidi a ƙauyukan yankinsu, har Makoɗa da Kunci. Kwamfuta biyu gare su, kullum filashi na yawo tsakaninsu. Shin akwai yadda za su tara hotunan wuri guda, kowa ya riƙa tacewa daga can? Kuma sai an sayi data?

AMSA: To Malam, akwai hanya, kuma ba ruwanta da data ko intanet. Kamar rumbun gandu ne, hatsi na wuri guda, kowace uwargida ta zo ta ɗibi na girkinta. Rumbun naku zai iya zama babban faifan ajiya a jikin ɗaya daga cikin kwamfutocin, a buɗe wa ɗayar ƙofa ta shiga. In da hali kuma a sayi akwatin ajiya na musamman da ake kira NAS, irin na Synology ko QNAP, a jona shi da kwamfutocin ta na'urar rarraba layi.

Amma fa a ja waya, kada a dogara da Wi-Fi, don hoto zai riƙa sarƙewa ana cikin aiki. Kuma ka duba ƙarfin na'urar kafin ka biya. Mai megabit 1,000 tana kwasar wajen megabait 110 a daƙiƙa, tsohuwar mai megabit 100 kuwa da kyar take kai 12. Ga misali: ɗaukar awa 1 da kyamara mai megabit 50 ya haura gigabait 22. Ta sabuwar, ƙasa da minti 4 ya wuce. Ta tsohuwar, sai ka yi rabin awa kana kallon allo. Waya irin Cat6 tana aiki har tsawon mita 100, ka ga ta ishi shago.

Inda aka fi shan wahala shi ne nan. Manhajar tacewa, ko Premiere Pro ce ko DaVinci Resolve, ba ta haɗiye hotunan a cikinta, adireshinsu kawai take riƙewa. Idan kwamfutarka ta san rumbun da harafin Z, ta ƙanenka kuma ta san shi da Y, to da ya buɗe aikinka sai allo ya yi ja, manhaja ta ce ba ta ga hoto ba, alhali yana nan. Saboda haka ku ba shi harafi ɗaya a duka kwamfutocin. Kuma da an soma aiki, kada wani ya sake wa folda suna don wai yana gyara. Mu dai a ganinmu a sa kwanan wata da sunan gari tun ranar da aka sauke hoton, shi ke nan.

Mutum biyu na iya ɗibar hoto ɗaya a lokaci guda, ba laifi. Abin da ba a yi shi ne ku buɗe fayil ɗin aiki ɗaya ku biyu, kowa na adanawa, don na ƙarshe zai shafe wahalar ɗan'uwansa. Kowa ya riƙe nasa, kai walima, shi ɗaurin aure, a haɗa daga baya.

Sai dai Malam, ka tuna da kuka tara komai wuri guda, in gobara ta zo, wuri guda za ta ci. Ɗaukewar wuta ana tsakiyar adanawa na iya lalata fayil, don haka rumbun da na'urar rarrabawar su zauna kan inbata ko batirin ko-ta-kwana, ba kan janareta kai tsaye ba. A kare shi daga ƙurar hunturu da zafin bazara. Sannan ba a sake ɗaura aure don hoto ya ɓace, sai dai ka san abin da za ka gaya wa dangin amarya. Ku sami faifai na biyu, duk daren da kuka dawo daga ɗauka ku kwafe a kai, a kai shi gida ya kwana. Katin kyamara kuwa kada a goge shi sai an ga hoton ya buɗe a wuraren nan biyu.