Maganin damina da hirar bakin rijiya

Duk damina ma'aikatan lafiya suna bi gida gida da maganin kare yara daga masassarar cizon sauro. An fara wannan aiki a Nijar a shekarar 2013. Ana ba yaran da suka kai wata 3 har zuwa waɗanda ba su cika shekara 5 ba, sau ɗaya kowane wata, lokacin da sauro ya yi yawa.

Maganin na kwana uku ne. Ranar farko ma'aikaci ne yake ba yaro da hannunsa. Na rana ta biyu da ta uku sai ya bar wa uwa, ya wuce gida na gaba. Rediyo ya yi bayani, mai shela ya zaga gari, amma babu ɗayansu da zai shiga ɗaki gobe ya ga ko an ba yaro.

Wadda uwa za ta gani gobe ita ce maƙwabciyarta, a bakin rijiya ko wurin daka. Ɗaya daga cikin ƙwayoyin yana da ɗaci, kuma wasu yara suna yin amai. In wata ta ce: "Ni dai nawa ya yi amai, ba na ƙarawa," mata biyar sun ji, kuma wataƙila ƙwayoyi su kwana a ƙarƙashin tabarma. In wata ta amsa: "Nawa ma ya yi, na gaya wa ma'aikaciyar, ta sake ba shi, ga shi can yana wasa," su ma biyar ɗin sun ji. Mutum ya fi yarda da wanda suke cin tuwo tare a kan baƙo mai riƙe da takarda, kuma ba mu ga laifinsa ba. Kaka ma tana da ta cewa, haka mai gida idan ya dawo daga majalisa.

Mun taɓa ganin ƙarfin magana. A 2003 jita-jita ta bazu a arewacin Najeriya cewa maganin rigakafin shan inna yana hana haihuwa. Ba gaskiya ba ne, amma aka dakatar da rigakafin a jahar Kano, sai a watan Yuli na 2004 aka koma. Cutar ta tsallaka iyaka, ta shiga ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, har Yaman da Indunusiya, ta nakasa yara masu yawa. Da aka zo gyara, sai da sarakuna da malamai suka shiga gari suna magana da mutane baki da baki.

To, ga abin da ya kamata a faɗa a wurin hira game da maganin damina. Sai an cika kwana ukun yake kare yaro sosai, kuma kariyar ta wajen sati huɗu ce, shi ya sa ake dawowa kowane wata. In yaro ya amayar da shi kafin rabin awa, a gaya wa ma'aikaci. In ƙuraje suka feso masa, ko idonsa ya yi rawaya, a daina ba shi, a kai shi gidan likita ran nan. Yaron da jikinsa ya riga ya yi zafi, gwajin jini yake buƙata. Gidan sauro kuwa a ci gaba da ɗaura shi kowane dare.