Fifiko Tsakanin Waƙafi da JOIN a Harshen SQL

Hanyoyi biyu ake bi wajen haɗa tebura a harshen SQL. Tsohuwar hanya ita ce a jera sunayensu bayan FROM, waƙafi na raba su, sharaɗin haɗin kuma ya zo ƙarƙashin WHERE. Ƙa'idar SQL ta 1992 ce ta kawo kalmar JOIN, mai tafiya da nata sharaɗin bayan ON. Kowace hanya daidai take. Rikici yana tasowa ne idan aka gwama su cikin umarni guda, domin ƙarfinsu ba ɗaya ba ne.

Kamar yadda ake fara ninkawa kafin tarawa a lissafi, haka JOIN ke riga waƙafi. A duba wannan:

FROM dalibai, azuzuwa JOIN sakamako ON dalibai.lamba = sakamako.lamba

Ido yana bin layin daga hagu zuwa dama, sai mai rubutu ya ɗauka an riga an haɗa dalibai da azuzuwa. Rumbun bayanai kuwa azuzuwa da sakamako yake fara ɗaurewa. A wannan mataki ON ba ya ganin teburin dalibai, don haka umarnin ba zai gudana ba. MySQL zai ba da kuskure mai lamba 1054, ya ce bai san ginshiƙin ba, alhali yana nan daram.

Da can MySQL yana ba waƙafi da JOIN matsayi ɗaya. A 2005, daga sigar 5.0.12, ya koma bin ƙa'ida, sai tsofaffin manhajoji suka fara tsayawa ba tare da an taɓa ko harafi a cikinsu ba.

Kuskuren da ya bayyana ma da sauƙi. Wanda ya fi haɗari shi ne na RIGHT JOIN, wato haɗin da ke riƙe kowane layi na teburin dama ko da bai sami abokin haɗi ba. Idan sharaɗin ya shafi azuzuwa da sakamako kaɗai, umarnin zai wuce lami lafiya, amma layin sakamako da bai sami abokin haɗi ba, zai maimaitu sau adadin ɗaliban, maimakon sau ɗayan da mai rubutu ya zata.

MySQL ya yarda a saka jerin waƙafin cikin baka biyu, PostgreSQL bai yarda ba. Gyaran da ya fi inganci shi ne a cire waƙafin, a sa JOIN da sharaɗinsa, ko CROSS JOIN inda ake son kowane layi ya haɗu da kowane.