Ɗakin baƙi a bakin ruwa: Abin da Birniwa da fadamar Haɗeja za su koya daga tsibiran Girka

A tsibiran ƙasar Girka, irin su Kirit da Naksos, ba kowane mai yawon buɗe ido ke sauka a babban otal ba. Da yawa kan kama ɗaki ne a gidan wani iyali da ke bakin teku, inda akan sami ɗakuna kaɗan, kowanne da banɗakinsa da ɗan wurin girki, masu gidan kuma suna zaune a ƙasan benen ko a gefe. Ta wannan hanya kuɗin baƙo ke shiga hannun mutanen tsibirin kai tsaye. Tsarin yana da ɗan'uwa a ƙasar Hausa, kuma mutanen Birniwa da sauran garuruwan masarautar Haɗeja sun san shi tun kaka da kakanni.

Yadda ake yi a Girka

Girka tana da tsibirai manya da ƙanana kimanin 6,000, amma 227 ne kawai ake zaune a cikinsu. A shekarar 2019 ƙasar ta karɓi baƙi sama da miliyan 30, alhali jama'arta ba su wuce miliyan goma da ɗoriya ba. Tun daga shekarun 1960 da 1970, lokacin da matafiya suka fara yawaita, iyalan masunta da manoma suka shiga ware ɗakuna a gidajensu. A da sukan tarbi jirgin ruwa a tasha riƙe da allon talla. Yanzu galibin cinikin a intanet ake ƙulla shi, ta shafuka irin su Booking.com da Airbnb.

Aikin na gida ne gaba ɗaya. Wani ya ɗauko baƙi daga tasha, wata ta kula da shara da wankin zannuwan gado, matasa kuma su amsa saƙonni. Kakar baƙi takan fara a watan Mayu ta ƙare a Oktoba, ta fi zafi a Yuli da Agusta, don haka abin da aka samu a wata shida shi zai riƙe gida shekara guda. Hukuma ma ba ta bar harkar kara zube ba, domin dole mai gida ya yi rajista, kuma ya biya haraji.

Fatoma da baƙinsa

A kasuwannin Arewa, musamman na dabbobi da hatsi, fatake sun daɗe suna sauka a gidan fatoma. Shi ke ba baƙo wurin kwana da abinci, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillalai, ya kuma tsaya masa idan za a yi ciniki bashi. Baƙo ba ya biyan kuɗin ɗaki, ladan fatoma yana fitowa ne daga la'ada. Masanin nan Abner Cohen ya bayyana irin wannan tsari a littafinsa na 1969 kan Hausawan Sabo a Ibadan, inda ya nuna cewa masu masauki su ne ƙashin bayan cinikin shanu da goro.

Birniwa tana kan hanyar Haɗeja zuwa Nguru, kuma layin dogon da ya tashi daga Kano ya isa Nguru a 1930 ya ratsa ta cikinta. Da kaka, 'yan kasuwa daga birane kan shigo yankin neman riɗi da zoɓo da gero. Ke nan sanin yadda ake riƙe baƙo ba sabon abu ba ne a nan. Abin da bai kafu ba shi ne ɗakin da aka tanada musamman don wanda bai zo da kaya ba: ma'aikaci, ɗalibi mai bincike ko mai yawon buɗe ido.

Abin da zai kawo baƙon

Kudu da Birniwa ne kogin Haɗeja da na Jama'are ke bazuwa su zama fadama mai faɗi, kafin su haɗu su nufi Tafkin Chadi. A shekarar 2000 aka sanya Tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin Ramsar na dausayi masu daraja a duniya, wuri na farko da ya samu wannan matsayi a Najeriya. Dausayin Baturiya, a Ƙaramar Hukumar Kirikasamma, ya bi sahu a 2008, sannan a 2020 Gwamnatin Tarayya ta amince ya shiga cikin sababbin gandun daji na ƙasa guda goma.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, dubban agwagin ruwa da wasu tsuntsaye kan ƙetaro Bahar Rum da Sahara daga Turai su yi hunturu a nan. Su ne suka kawo Yarima Philip na Ingila Dagona, a Jihar Yobe, a 1989. Lokacin ya kuma dace da na cinikin amfanin gona, don haka ɗaki ɗaya zai iya karɓar mai kallon tsuntsu yau, gobe ya karɓi mai sayen riɗi.

Amfanin kwanan baƙo a fili yake. Wanda ya zo da hantsi ya koma birni da la'asar, abin da zai bari bai wuce kuɗin kwale-kwale da na ruwan sha ba. Wanda ya kwana kuwa zai ci tuwo, ya sha fura, ya sayi bandar kifi da tabarma, ya ɗauki ɗan rakiya.

Inda gizo ke saƙa

Na farko, al'ada. Bahaushe na cewa baƙonka annabinka, kuma karɓar kuɗi daga hannun baƙo abin kunya ne a wurin mutane da yawa. Maganin hakan shi ne a rarrabe baƙon zumunci da baƙon haya, a faɗi farashi tun kafin a ajiye jaka. Haka kuma cikin gida ba wurin shigar namiji baƙo ba ne, don haka ɗakin ya kamata ya zama yana da ƙofarsa ta waje da banɗakinsa.

Na biyu, lafiya da tsaro. Bakin fadama ba bakin teku ba ne: akwai sauro, akwai kuma tsargiya a ruwan da ke kwance, saboda haka gidan sauro da tsaftataccen ruwa sun zama wajibi, iyo kuma abin gudu ne. Ya kamata a riƙa rubuta sunan kowane baƙo da shaidarsa, mai unguwa kuma ya san da zamansa.

Na uku, ruwan kansa. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun sauya yadda kogin ke malala, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa da dama, ambaliya kuma takan auka wa garuruwa da damina, kamar yadda aka gani a 2020 da 2022. Duk wanda zai gina ɗakin baƙi sai ya nemi tudu, ya kuma san cewa idan fadama ta lalace tsuntsayen za su sauya masauki, baƙin ma haka.

Jarin farawa dai bai wuce ƙarfin iyali ba: ɗaki ɗaya ko biyu, katifa mai tsafta, fitila da fanka masu aiki da hasken rana, da lambar waya da za a kira a samu. Rajista da sa ido kan tsafta da gyaran hanya kuwa nauyi ne da ke kan ƙananan hukumomi da Gwamnatin Jigawa.