Wankin Ƙaramin Jirgin Sama a Ƙasar Madina: Ado ne ko Amana?

Alhazan ƙasarmu waɗanda Allah ya nufa da ziyarar Madina, suka sauka a filin jirgin sama na Yarima Muhammad bin Abdul'aziz, wanda aka buɗe sabon gininsa a shekarar 2015, galibinsu ba su san wani jirgi ba sai manyan nan masu ɗaukar ɗaruruwan mutane. Alhali kuwa a ƙasar Saudiyya, kamar yadda yake a tamu, akwai ƙananan jirage masu kujera biyu ko huɗu, waɗanda ake koyon tuƙi da su, ko ake gajeruwar tafiya a cikinsu. Irin wannan jirgi, idan ya sauka aka kashe injinsa, akwai wata hidima da ta wajaba a kan mai shi, wadda wanda bai sani ba zai ɗauka ƙawa ce kawai, amma ma'abota sana'ar sun san tana cikin sharuɗɗan lafiyar jirgin, wato wanke jikinsa da kiyaye fentinsa.

Hikimar fentin ita ce, yawancin ƙananan jirage da alminiyum ake ƙera su, wanda aka gauraya da ɗan jan ƙarfe domin ya ƙara ƙwari, ga shi kuwa wannan gauraye, duk da ƙarfinsa da rashin nauyinsa, yana saurin ciwuwa idan danshi da gishiri suka same shi. Saboda haka akan fara shafa masa share fage mai hana ci, sa'an nan a bi da fenti na sama mai sheƙi. Matuƙar waɗannan biyu suna nan lafiya, ƙarfen yana cikin aminci, amma da zarar sun tsage, ko da tsagar ba ta wuce silin gashi ba, sai ɓarna ta shiga ta riƙa tafiya a ƙarƙashin fentin a ɓoye, musamman a gefen ƙusoshi da inda falle ya hau falle, har ranar da za a ga wurin ya kumbura yana fid da farin gari.

To, yanayin Madina ya tara abubuwa uku masu cutar da fenti. Na farko rana, domin zafin bazara a can yakan haura daraja 40, haskenta kuma yana karya sinadarin fenti sannu a hankali, har ya dusashe ya koma kamar alli. Wannan ne ma ya sa jiragen da ake ƙerawa da zaren gilashi da ƙaro, irin na kamfanin Diamond, akan bar yawancin jikinsu fari, don kada zafi ya raunana ƙaron. Na biyu ƙura, gama birnin yana zaune ne tsakanin filayen baƙaƙen duwatsu waɗanda aman wuta ya bari, na ƙarshensa a shekarar 654 ta Hijira, daidai da 1256, iska kuwa tana kwaso rairayi mai kaifi daga hamada ta watsa shi kan fikafikai da farfela. Na uku gishiri, saboda duk jirgin da ya leƙa Yanbu ko Jidda a gaɓar Bahar Maliya, zai komo da danshin teku manne a jikinsa. A kan waɗannan kuma sai a ƙara abin da tafiyar kanta ke bari: ƙwarin da suka fashe a goshin fiffike, da kashin tsuntsaye mai cin fenti, da baƙin mai da hayaƙin salansa waɗanda ke kwanciya a ƙasan cikin jirgin, cikinsu har da dalma, domin man da irin waɗannan injuna ke sha akwai dalma a ciki, shi ya sa ya kamata mai wanki ya sa safar hannu.

Ƙa'idar wankin tana da tertibi wanda bai halatta a saɓa masa ba. Akan jira jikin jirgin ya huce, a shigar da shi inuwa ko a yi aikin da sassafe, don kada sabulu ya bushe a kansa. Akan fara kwarara ruwa a hankali ya tafi da ƙura kafin tsumma ya taɓa wurin, domin goge busasshiyar ƙura daidai yake da kankare fentin da hannunka. Ba a kuma harba ruwa da ƙarfi, kada ya tura yashi cikin mahaɗai ya wanke maiƙonsu. Sabulun da aka yi domin jirgi shi ake amfani da shi, tun da wasu magungunan wankin gida suna cin alminiyum. Gilashin gaba kuwa, wanda a haƙiƙa wata irin roba ce mai haske, ruwa da tsumma mai laushi yake so, a goge shi daga sama zuwa ƙasa, ba a kewaye ba. Bayan an tsane ruwan sai a shafa kaki ko makamancinsa, ya zama garkuwa tsakanin fenti da rana.

Akwai kuma wani sharaɗi da ya fi duk waɗannan nauyi. A jikin kowane jirgi akwai ƙananan kafofi da bututu waɗanda ta cikinsu ne na'urori ke auna gudu da nisa daga ƙasa. Akan rufe su kafin wanki don kada ruwa ko kaki ya shiga, kuma lalle ne a buɗe su bayan an gama. Ranar 2 ga Oktoba, 1996, wani Boeing 757 na kamfanin Aeroperú ya tashi daga Lima ta ƙasar Peru da dare, alhali salatif ɗin da aka liƙa a kan waɗannan kafofi lokacin goge jikinsa yana nan ba a cire ba. Na'urori suka riƙa ba matuƙa labarin ƙarya, jirgin ya faɗa teku, mutum 70 da ke ciki suka halaka baki ɗaya.

Babbar fa'idar wankin, a ganina, ita ce yana tilasta wa mutum ya bi jirginsa taƙi bayan taƙi, kamar yadda mai kula da doki, idan an sauko daga hawan sallah, yakan share shi yana duba kofato da gadon baya. Hannun da ke wanki shi ke fara jin ƙusar da ta saki, ko tsaga, ko ɗigon mai inda bai kamata ba. Wannan darasi ya shafe mu ƙwarai, domin Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, da ƙananan jirage take horar da matuƙa, ƙurar hunturu da ranar bazara a Arewa kuwa ba su gaza na Madina da yawa ba. Ya kamata a cusa wa ɗalibi tun farkon karatunsa cewa rayukan da zai ɗauka amana ce a wuyansa, kuma wanda ya raina soso da bokiti bai cancanci a danƙa masa jirgi ba.