Mece ce dokar dakatar da korar 'yan haya?

Umarni ne na wucin gadi da hukuma ke bayarwa lokacin annoba, don hana mai gida fitar da ɗan haya saboda bashin kuɗin haya. A Amurka, hukumar yaƙi da cututtuka ta CDC ta bayar da shi a Satumban 2020, ana tsakiyar korona. Hujjarta mai ƙarfi ce: wanda aka watso wa kaya waje zai ƙare ne a cunkoson ɗakin dangi ko matsugunin marasa galihu, inda cutar ta fi yaɗuwa. A lokacin, sai ɗan haya ya sa hannu a takardar shaida cewa samunsa ya karye kafin ya amfana, kuma bashin yana nan a wuyansa.

Masu gidaje sun koka cewa su ma haraji da gyara na jiransu, kuma gaskiyarsu ce. Shi ya sa majalisar dokoki ta ware sama da dala biliyan 46 don tallafin haya. A ranar 26 ga Agustan 2021 Kotun Ƙoli ta dakatar da umarnin, tana cewa CDC ta wuce huruminta. Kariyar da za ta ɗore sai da dokar majalisa da kuɗin biyan mai gida.