Newgrange: Kabarin da ya girmi dalar Masar, kuma har yau ɗakinsa ba ya yoyo

A gaɓar kogin Boyne, arewa da Dublin, babban birnin ƙasar Ireland, akwai wani tudu mai kama da ƙatuwar ƙwarya da aka kife. Kabari ne da mutane suka gina wajen shekara 3200 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wato ya girmi manyan dalar Giza da ke Masar da ɗaruruwan shekaru. Ana kiransa Newgrange, kuma hukumar UNESCO ta sanya shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1993.

Maginansa manoma ne da ba su san ƙarfe ba. Duk da haka sun tayar da tudu mai faɗin kusan mita 85, suka kewaye gindinsa da manyan duwatsu 97, wasu ɗauke da sassaƙen zane mai murɗe-murɗe. Daga ƙofa, wani siririn lungu mai tsawon mita 19 ne ke kai mutum ga ɗakin da ke ciki, mai lokoki uku. A nan aka tarar da manyan kwanonin dutse da ƙasusuwan mutane, wasu a ƙone.

Rufin ɗakin abin dubawa ne. An jera faffaɗan duwatsu, kowane sahu yana ɗan zarce na ƙasansa zuwa tsakiya, har suka haɗe a tsayin mita shida, aka rufe da dutse guda. Babu siminti, amma ruwan sama bai ratsa shi ba cikin shekara dubu biyar. A saman lungun kuma maginan sun sassaƙa 'yan magudanai domin kawar da ruwa.

Abin da ya fi jawo wa wurin suna shi ne wata taga da ke saman ƙofa. A kwanakin da ke kewaye da 21 ga Disamba, lokacin da dare ya fi tsawo a can, hasken hudowar rana kan ratsa tagar, ya bi lungun har cikin ɗakin, ya haskaka shi na kimanin minti 17. Masu son shaida hakan suna da yawa, ɗakin kuwa ƙarami ne, don haka ƙuri'a ake jefawa duk shekara.

Sai dai ba duk abin da maziyarci ke gani ba ne aikin mutanen dā. Leburori masu neman dutsen gini ne suka bankaɗo ƙofar a 1699. Daga 1962 zuwa 1975, Farfesa Michael O'Kelly ya jagoranci haƙar wurin, inda ya tarar da fararen duwatsu masu ƙyalli zube a gaban tudun. Ya yanke cewa bango ne ya rushe, aka sake tayar da shi, aka tallafe shi da kankare da rodi. Wasu masana sun ƙi yarda, suna cewa wataƙila daɓe ne aka shimfiɗa a ƙasa tun asali. A Knowth, kabarin da ke maƙwabtaka da shi, an bar irin waɗannan duwatsu a kwance.

Ke nan farin bangon da ake gani a hotuna fahimtar masani ɗaya ce, kuma har yau ana jayayya a kanta. Wanda ke son ganin aikin maginan na ainihi, sai ya sunkuya ya shiga lungun, ya ɗaga kai ya dubi rufin.